Ba sai ka sake duka darussan WASSCE ba

A unguwannin Nima da Mamobi na Accra iyaye da yawa suna ɗauka cewa idan yaro ya sami D7 (matakin da ke ƙasa da C6) a lissafi a WASSCE, jarrabawar kammala sakandare, dole a kai shi makarantar ramediyal ya sake duka darussa takwas a jarrabawar Nov/Dec, wato WASSCE ta masu zama da kansu. Masu makarantun kuwa ba sa gyara musu zance, tunda kuɗin darasi takwas ya fi na ɗaya.

Jami'o'in Gana irin su Legon da KNUST darussa shida suke lissafawa: uku na dole, wato Turanci, lissafi da kimiyya ko ilimin zamantakewa, sai uku na zaɓi. Kowanne ya kasance tsakanin A1 da C6. A Legon A1 maki 1 ne, C6 maki 6, kuma wanda jimillarsa ta fi ƙanƙanta shi ke gaba. A kwasa-kwasai da yawa ana haɗa sakamakon zama biyu, don haka darasin da yaro ya faɗi, ko wanda ya kumbura masa jimilla, shi kaɗai zai gyara.

Wajen zaɓen makaranta, a tambayi wa ke koyar da wannan darasin, yara nawa ne a aji, kuma ko suna bin tsoffin tambayoyin WAEC. Allon talla mai cewa kowa ya ci, a bar shi a bakin titi.