'Ya'ya Mata Huɗu a Jere: Na Biyar Dole Namiji Ne?

A gidajen suna a unguwannin Agege da Idi-Araba na Legas, sau da yawa za ka ji ana ce wa maijego: "Kin jera mata huɗu, na gaba kam namiji ne." A matsayin addu'a babu laifi, amma wasu lissafi suke ɗaukar maganar.

Jera 'ya'ya mata yana ƙara yiwuwar samun namiji a gaba?

A'a. Kowane ciki zaman kansa yake yi. Ko kwandala ta faɗo a fuska ɗaya sau huɗu, jifa na biyar rabi da rabi ne, don ba ta riƙe abin da ya wuce.

To me ya sa mata biyar a jere ke da wuya?

Nan ake ruɗewa. Kafin ma'aurata su fara haihuwa, yiwuwar su jera mata biyar ita ce rabi sau rabi har sau biyar, wato 1 cikin 32. Amma wanda ya riga ya samu huɗu, waɗannan sun zo sun zauna, saura ciki ɗaya ake jira, shi kuma 1 cikin 2 ne. Gauraye ya fi yawa ne saboda hanyoyinsa sun fi yawa: a gida mai 'ya'ya huɗu, jeri iri 16 ne zai iya faruwa, 6 daga ciki maza biyu ne da mata biyu, mata zalla kuwa 1 kacal. Duk da haka, a gari mai miliyoyin mutane kamar Legas, gidajen mata zalla suna da yawa ƙwarai.

Rabi da rabin daidai yake?

Kusan. Ana haifar maza wajen 105 a kan kowane mata 100. Tun a 1710 wani likita mai suna John Arbuthnot ya duba rajistar jarirai ta Landan ta shekara 82, ya ga maza sun ɗara mata a kowace shekara.

Laifin uwa ne?

Wannan tambayar ce ta fi damuna, domin an saki mata a kanta, an yi wa wasu kishiya. Ƙwan mace ƙwayar halitta X kaɗai yake ɗauke da ita. Maniyyin namiji ne ke zuwa da X ko Y: in X ce a samu mace, in Y ce namiji. Shi ma mijin ba shi ya zaɓa ba. Aya ta 49 a Suratush Shura ta ce Allah ke bai wa wanda ya so mata, ya bai wa wanda ya so maza. Wanda ya ƙara aure don neman namiji, rabi da rabin nan dai zai tarar a ɗakin amarya.