Dogon benen agogo na Makka: amsoshin tambayoyin da ake yi wa alhazanmu

A Birnin Kebbi, idan alhaji ya sauka, aka yi masa barka da zuwa, aka sha zamzam aka ci dabino, abin da ke biyo baya shi ne kallon hotuna a waya. Da wuya ka ga hoton da aka ɗauka a Harami babu wannan dogon benen mai agogo a bayansa. Ni ma da na dawo, innata da ta taso daga Jega don yi mini sannu da hanya ta daɗe tana kallon hoto guda, sannan ta ce, "Ɗana, wai wanga dogon gini na bayan Ka'aba, wa ad da shi?" Daga ranar ban daina jin tambayoyi irin wannan ba, a majalisa da ƙofar masallaci. Ga waɗanda aka fi yi, da abin da na sani a kansu.

Shin otal ne, ko wani ɓangare ne na masallaci?

Otal ne, ba ya cikin ginin masallaci. Rukunin benaye bakwai ne da ake kira Abraj Al-Bait, wato hasumiyoyin Ɗaki, suna zaune a kan gindi ɗaya daura da Ƙofar Sarki Abdul'aziz, kudu da Ka'aba. Shida na kewaye suna ɗauke da sunaye irin su Zamzam, Hajara, Safa, Marwa da Maƙam. Na tsakiya, mai agogon, shi ne mafi tsawo: mita 601, hawa 120. A cikinsa otal ɗin Fairmont yake, sauran kuma akwai Raffles, Swissôtel, Pullman da Mövenpick. Hawan ƙasa-ƙasa kasuwa ce babba, da wuraren cin abinci da ɗakunan salla.

Don a gane tsawon: NECOM House na Legas, wanda aka daɗe ana kira gini mafi tsawo a Najeriya, mita 160 ne. Sai an ɗora kusan huɗu irinsa kafin a taɓo jinjirin watan da ke ƙolin na Makka. A duniya, Burj Khalifa na Dubai da Merdeka 118 na Maleshiya da Hasumiyar Shanghai ta Sin ne suka fi shi tsawo.

To wa ke da shi?

Wannan ita ce tambayar innata, kuma amsar takan ba mutane mamaki. Waƙafi ne. Sunansa a hukumance Waƙafin Sarki Abdul'aziz, an tsayar da shi ne domin kuɗin da yake samarwa su tafi wajen hidimar Masallatai Biyu Masu Alfarma, na Makka da na Madina. Kamfanonin otal ɗin da ake ganin sunayensu masu gudanarwa ne kawai.

Yadda aka samo kuɗin ginin ma abin sani ne. An bai wa ɗan kwangila hayar filin na wasu shekaru, ya gina, ya ci moriya, daga baya ya mayar wa waƙafi. A benen Zamzam an sayar wa mutane takardun sukuk, waɗanda ke ba mai su damar zama a ɗaki na wasu kwanaki a kowace shekara har tsawon shekara 24. Ana ƙiyasta kuɗin aikin gaba ɗaya a kan dala biliyan 15.

Me ke wurin kafin a gina shi?

A nan zan ɗan daɗe, domin nan ne tarihin yake.

Tsofaffin alhazanmu, waɗanda suka je kafin shekarar 2002, za su tuna wani tsauni da ke kallon Harami daga ɓangaren Ajyad, da wata tsohuwar ganuwar dutse a kansa. Tsaunin shi ne Bulbul, ginin kuma Ƙal'atu Ajyad. An gina ta a ƙarshen ƙarni na 18, wajajen 1780, lokacin da Hijaz ke ƙarƙashin Daular Usmaniyya ta Turkawa, Sharifai kuma ke riƙe da Makka. Aikinta tsaron gari da Ɗakin Allah daga mahara. Ta yi sama da shekara ɗari biyu a tsaye. Kakanninmu da suka taka da ƙafa ta Barno da Chadi da Sudan, suka tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin, wasu bayan shekaru a hanya, wannan ganuwa tana cikin abubuwan da idonsu ya gani idan suka ɗaga kai daga wurin ɗawafi.

A watan Janairun 2002 aka rushe ta, aka kuma baje tsaunin kansa. Turkiyya ta yi fushi ƙwarai. Ministan al'adunta na lokacin, Istemihan Talay, ya kwatanta abin da rushe gumakan Bamiyan da Taliban suka yi a Afganistan shekara guda kafin nan. Hukumomin Saudiyya suka amsa cewa ganuwar ba wuri ne mai tsarki ba, ƙasarsu ce, kuma mahajjata na buƙatar wurin kwana.

Gaskiya ne ganuwar ba wurin ibada ba ce, babu wanda Hajjinsa ya ragu don babu ita. Amma ni dai abin yana yi mini ciwo. Mu Kabawa mun san darajar tsohon gini. Mutumin Argungu ba zai yarda a baje tsohuwar fadar da ta zama Gidan Tarihin Kanta don a gina otal ba, komai kyawunsa. Kufan Surame, duk da cewa duwatsu ne a daji, su ne shaidar da muke nuna wa yaranmu cewa Kanta ya yi mulki. Makka ta fi kowane gari cancantar a bar mata irin wannan shaida. Kuma ba Ajyad kaɗai ta tafi ba. Unguwar Shamiyya da ke arewa da masallaci an share ta daga 2008 domin faɗaɗa masallacin da aka yi a zamanin Sarki Abdullah, gidajen Jabal Umar na yamma kuma sun koma manyan otal-otal. Sami Angawi, masanin zanen gini ɗan Makka wanda ya kafa Cibiyar Binciken Hajji a 1975, ya shafe shekaru yana kukan cewa ana shafe tsohon garin. Ɗan gida ne yake magana, ba baƙo ba.

Yaushe aka gina, kuma su wa suka yi aikin?

An fara a zamanin Sarki Fahad, aka kammala a zamanin Sarki Abdullah, aka buɗe gaba ɗaya a 2012. Kamfanin Saudi Binladin Group ne ya yi ginin, Dar Al-Handasah kuma ya yi zanen. Gobara ta tashi sau biyu ana cikin aiki, a benen Hajara a 2008 da benen Safa a 2009.

Agogon fa? Da gaske ya fi kowane agogo girma?

Da gaske ne. Fuska huɗu gare shi, kowace faɗinta mita 43. Shahararren agogon nan na Landan, Big Ben, fuskarsa kimanin mita 7 ce. A agogon Makka, hannun da ke nuna minti kaɗai ya haura mita 20. Kamfanin Perrot na Jamus ne ya ƙera injinsa, aka fara gwada shi a watan Ramadan na 1431, wato Agustan 2010. A tsakiyar kowace fuska akwai tambarin Saudiyya, itacen dabino da takubba biyu. A sama an rubuta "Allahu Akbar" a fuskoki biyu, kalmar shahada a sauran biyun. Idan lokacin salla ya yi, fitilu farare da koraye suna walƙiya a ƙolinsa.

Lokacin da ake gina shi an yi ta maganar cewa lokacin Makka zai maye gurbin na Girinwic da ke Ingila, wato GMT, a matsayin ma'aunin lokacin duniya. Hakan bai faru ba. Agogon yana tafiya da lokacin Saudiyya, wanda ke gaban namu da awa biyu: idan ya nuna ƙarfe tara na dare, a Birnin Kebbi bakwai ce.

Wani amfani da masu zanen wataƙila ba su sa a gaba ba, amma alhazan ƙauye sun fi kowa saninsa: shi ne alamar hanya. Tsohuwar da ta ɓace a cikin cunkoso, ba ta jin Larabci, ba ta karanta allon titi, abin da jagora ke gaya mata tun ranar farko shi ne, "Hajiya, in kin rikice ki nemi agogo." Na ga dattawa da yawa da wannan ya mayar masauki lafiya, kuma ina gode wa Allah da hakan.

Me ya sa sai an yi sama haka? Babu fili ne?

Babu. Makka kwari ce tsakanin duwatsu, kuma kowa yana son ya kwana inda zai taka ya shiga sahu. A 2012 mahajjata sun haura miliyan uku, a 2019 sun kusa miliyan biyu da rabi, a 2024 kimanin miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas. Najeriya kaɗai an sha ba ta kujera 95,000. Ga kuma Umara da ba ta yankewa duk shekara, wadda Saudiyya ke burin kai masu yin ta miliyan 30 a shekara nan da 2030. Dole a sama wa mutane wurin kwana, wannan babu musu.

Inda nake da ja shi ne a kan wa aka gina wa. Filin da ya fi kowane kusa da Ka'aba an cika shi da ɗakuna mafi tsada, har ana bambanta farashi tsakanin ɗakin da tagarsa ke kallon gari, da mai kallon Harami, da mai kallon Ka'aba kanta. Tsawon Ka'aba bai wuce mita 15 ba. Ginin da ke kanta ya ninka ta sau arba'in. Mai ɗawafi ya ɗaga kai yana addu'a, abin da zai fara cika masa ido shi ne otal. An saba da ganin haka, amma ni ban saba ba har na baro.

Me ya sa alhazan jiha ba sa sauka a ciki?

Kuɗi. Maniyyacin da ya biya ta hukumar alhazai ta jiha, ya tashi daga filin jirgin Sir Ahmadu Bello na Ambursa, inda jirgin farko na alhazan Najeriya ya tashi a 2024, kuɗin kujerarsa ya haɗa jirgi da masauki a Makka da Madina da hidimar Mina da Arfa da abinci da guzuri. Ba zai ɗauki kwana a Fairmont ba, balle a kwanakin Hajji ko goman ƙarshe na azumi, lokacin da farashi ke tashi ninki-ba-ninki. Shi ya sa masaukan alhazanmu suka fi yawa a unguwanni irin su Misfala, inda ake takowa ta titin Ibrahim Khalil ko a shiga bas. Masu sauka a benen agogo yawanci ta kamfanonin jirgin yawo suke zuwa.

Manomin shinkafa daga Suru ko Bunza da ya tara kuɗin kujera shekara da shekaru, ya kai saba'in, gwiwa ta gaji, shi ne ya fi buƙatar ɗakin da ke bakin ƙofa. Shi ne kuma yake tafiya mafi nisa a cikin rana. Tunda ginin waƙafi ne, ina ganin da an keɓe wani kaso na ɗakunan ga tsofaffi da marasa lafiya daga ƙasashe matalauta, da ya fi dacewa da sunan.

Shin shi ne abin da hadisi ya faɗa game da gasar dogayen gine-gine?

Ana yawan yi mini wannan. A hadisin Mala'ika Jibrilu da Muslim ya ruwaito, an ambaci cikin alamomin tashin alƙiyama cewa za a ga matalauta marasa takalma, makiyayan tumaki, suna gasar tsawaita gini. Mutane da yawa suna tuna shi idan suka ga benayen ƙasashen Larabawa, kuma ba abin mamaki ba ne. Sai dai malamai sun yi bayani cewa zaman abu alama bai nuna shi kaɗai cewa haramun ne ba, kuma ɗora hadisi a kan wani gini takamaimai aikin masu ilimi ne, ba na hira ba.

Wanda ya yi salla a ɗakin sallar benen, ya bi limamin Harami, sallarsa ta yi?

Akwai ɗakunan salla a ciki masu kallon masallaci, ana jin liman ta lasifika. Malamai sun saɓa. Wasu sun sharɗanta sahu ya haɗu da sahu, wasu sun sauƙaƙa muddin ana jin liman ko ana ganin masu binsa, ban da Juma'a. Maniyyaci ya tambayi malamin bita tun a gida. Haka kuma sun saɓa kan ladan salla dubu ɗari: na masallacin ne kaɗai, ko na duk abin da ke cikin iyakar Harami? Malamai da dama suna kan na biyu, kuma wannan sauƙi ne babba ga tsohon da ke Misfala ranar da ƙafa ta ƙi.

Wanda ba ya kwana a ciki zai iya shiga?

Zai iya. Kasuwar da ke ƙasa a buɗe take ga kowa, alhazanmu suna shiga shan sanyi, canjin kuɗi, sayen turare da dabino da darduma, ko da yake kayan tsaraba sun fi araha a shagunan unguwa. A can ƙoli, a hawa huɗu na sama, akwai gidan tarihin agogon da aka buɗe a 2019, inda ake nuna yadda ake auna lokaci da tafiyar rana da wata, ana shiga da tikiti. Daga barandarsa ana hango Harami gaba ɗaya a ƙasa, masu ɗawafi kamar farin zare yana juyawa. Wanda ya samu hali ya hau, ya tuna cewa can ƙasa da ƙafarsa ne tsaunin Bulbul da ganuwar Ajyad suka taɓa tsayawa. Da na gaya wa innata haka sai ta ce mijinta, Allah ya jiƙansa, ya yi Hajjinsa tun zamanin Shagari, kuma akwai hotonsa a akwati da wani tsohon gini a kan dutse a bayansa. Ta yi alkawarin kawo mini in gani idan ta sake shigowa Birni.