Dogon koyon tuƙin jirgin sama ba ya cinye muƙamin hafsa

Wasu iyaye kan hana yaro zaɓar tuƙin jirgi a Rundunar Sojin Sama ta Najeriya, wai sa'o'insa hafsoshi masu aiki a ƙasa za su tsere masa a girma yana can makaranta. Ba haka lissafin yake ba. A ƙananan muƙamai, shekarun hafsa na ƙirguwa ne daga ranar da aka ba shi kwamishan, wato ranar da ya zama hafsa, sai kuma jarrabawar ƙarin girma da rahoton shugabanninsa. Yana koyo, shekarunsa na tafiya.

Horon kam da tsawo: darasin ƙasa da ƙaramin jirgi irin Super Mushshak a Kaduna, sannan jet ɗin L-39 a Kano ko helikwafta a Inugu, sai koyon jirgin da zai yi yaƙi da shi.

Abin da jinkiri ke ci shi ne awoyin tashi. Hazon hunturu ko rashin kayan gyara kan zaunar da ɗalibi makonni, hannu ya yi sanyi, dole a maimaita darussa. Awoyin nan kuwa su ake dubawa kafin a ba matuƙi jagorancin jirgi ko koyarwa.