Shuka rawaya don ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi: tambayoyi da amsoshi

Wace rawaya ake nufi?

Wadda ake gani a daji da rani, furenta ruwan ɗorawa shar, ya fito daf da ƙasa ba ganye ba kara, kamar wani ne ya tsinko ya ajiye. Masana tsirrai na kiranta Cochlospermum tinctorium. Da damina takan fitar da kara mai ganye mai yatsu uku zuwa biyar, tsayinsa bai cika wuce mita ɗaya ba. Idan hunturu ya shigo karan ya bushe, sai furen ya ɓullo daga kan saiwar. Tana da 'yar'uwa, Cochlospermum planchonii, wadda ta fi ta tsayi kuma take fure a saman kara mai ganye wajen ƙarshen damina. Wasu duka biyun rawaya suke ce musu. Mai son fure a tsakiyar rani ya tabbatar ta ƙasan ya samo.

Me ya sa ita, ga furanni kala-kala a wajen masu sayar da fulawa?

Saboda lokacin da take fure. A Bauchi da Gombe ruwa na ɗaukewa a Oktoba, ba ya dawowa sosai sai Mayu ko Yuni. Daga Janairu zuwa Maris ciyawa ta bushe ƙurmus, abin da ya rage wa ƙwari sai 'yan itatuwa. A nan rawaya ke buɗewa, kuma ba ta neman ko gwangwani ɗaya na ruwa, domin ta tara abincinta a saiwa tun damina. Furannin ado da ake kawowa daga waje kuwa kullum sai an ba su ruwa, kuma da yawansu an sarrafa su ne don kyan gani, ƙwaro ba ya samun komai a ciki.

To zan samu ƙarin zuma ke nan?

A nan mutane ke yawan kuskure. Furen rawaya garin fure yake bayarwa, ba ruwan zaƙin da ake yin zuma da shi ba. Garin ma a kulle yake cikin 'yan tsinkayen tsakiyar furen, ta wata ƙaramar kafa yake fita, sai an girgiza. Gwanin wannan aiki shi ne babban baƙin ƙudan nan mai gunji da ke huda azara da busasshen itace: yakan rungumi tsinkayen ya kaɗa jikinsa, garin ya zubo masa. Ƙudan zuma bai iya wannan kaɗawar ba, shi da galla sai dai su kwashi abin da ya zube.

Amma kada a raina wannan. Da garin fure ƙudan zuma ke ciyar da 'ya'yansa, amyar da ta rasa shi da rani takan shiga damina da ƙarancin ma'aikata. Mai amya da ke son zuma sai ya haɗa da masu ruwan zaƙi: zogale, magarya, mangwaro, kuma ya bar kaɗanyar gonarsa a tsaye, don ita ma da rani take fure.

Malam-buɗe-littafi fa?

Shi ruwan zaƙi yake zuƙa, saboda haka rawaya ita kaɗai ba za ta riƙe shi ba. Abin da ya fi buƙata ma wurin ƙwai ne. Farin nan mai ɗan ratsin ɗorawa da ke yawo garke-garke, da ƙananan masu launin ƙwaiduwa da ke tashi ƙasa-ƙasa, a ganyen tafasa da runhu da danginsu suke zuba ƙwai, tsutsarsu ta ci ganyen ta girma. Duk furensu ɗorawa ne. A bar layi ɗaya na tafasa a gefen fili, a dasa runhu biyu ko uku a kusurwa. Wanda ya ga koriyar tsutsa tana cin tafasa ya ɗauko feshi ya rushe abin da ya gina. Tafasa ba ta mutuwa don an ci ganyenta, masu kwaɗo ma shaida ne.

Ina ake samun iri, kuma yaya ake shukawa?

Bayan fure takan yi ƙwanso kamar ƙaramin ƙwai. A jira ya yi ruwan ƙasa ya fara tsagewa, wajen Maris zuwa Afrilu. A ciki akwai baƙaƙen 'ya'ya lulluɓe da farin gashi kamar auduga. Idan aka makara iska ta kwashe. A murje gashin, a shanya a inuwa, a adana a takarda ko ƙwarya. Leda na tara gumi, irin ya yi fumfuna.

Ɓawon irin na da tauri ƙwarai, shi ya sa wanda ya watsa shi haka nan yakan ce bai tsiro ba. A goga gefe ɗaya a kan dutse ko siminti har launi ya ɗan canza, ba har a taɓa cikin ba, sannan a jiƙa a ruwa kwana ɗaya. Wanda ya kumbura ya shirya, wanda bai kumbura ba a sake gogawa. A shuka a Yuni bayan ruwa ya zauna, ƙwaya 3 a rami, zurfin santimita 1 zuwa 2, tazarar santimita 60 zuwa mita 1. Shukawa kai tsaye ta fi reno a ledar fiya wata, domin saiwar na saurin kaiwa gindin leda ta nannaɗe. In dole sai an yi reno, a nemi doguwar leda, yashi kashi 2, ƙasa kashi 1, ruɓaɓɓen taki kashi 1.

Ana kuma iya dasa guntun saiwa mai tsawon santimita 10 zuwa 15, a kwantar da shi a rufe da ƙasa kamar santimita 5 a farkon damina. Sai dai in za a samo guntun daga daji, a yanki gefen saiwar kawai a mayar da ƙasa. Masu tonon saiwar don magani da rina miya sun riga sun rage ta a kusa da garuruwa, bai kamata mai shuka ya ƙara ba. A Yankari da sauran gandun daji na gwamnati kuwa ba a tonon komai.

Wace ƙasa take so?

Wadda manomi ya raina: tsakuwa, marmara, gindin dutse irin na Dass da Kaltungo, saurar da ta gaji. Rana take so tun safe har yamma. Fadama da duk inda ruwa ke kwanciya a Agusta na ruɓar da saiwar. Takin zamani ba shi da amfani a nan, ciyawa kawai zai ƙarfafa ta shaƙe tsiron.

Na shuka, kaka ta yi duk ya bushe. Ya mutu ne?

Galibi bai mutu ba, halinta ke nan. A kafa turke ko a jera duwatsu a kan kowane gindi, don kada mai garma ko mai fartanya ya tuge saiwar bai sani ba. Kada a ci gaba da ban ruwa don tausayi, jiƙa ta lokacin da take hutawa na jawo ruɓa. Kada kuma a sa ran fure a ranin farko daga iri. Sai saiwar ta yi kauri tukuna. Damina biyun farko aikin shi ne cire ciyawa da hannu da killace wurin da ƙaya saboda awaki.

An ce sai an ƙona wurin take fure.

Ana yawan ganinta bayan ƙunar daji ne saboda wuta ba ta kai wa saiwar, kuma fili ya buɗe furen ya fito fes a kan toka. Amma wutar na cinye ƙwan ƙwari da tsutsar da ta naɗe kanta a kara, wato waɗanda ake shukar dominsu. A sa lauje a Disamba a yanke busasshen kara da ciyawar da ke kan gindin, a tara a gefe.

Maƙwabcina na noman rani yana feshi. Me zan yi?

A yi magana da shi da lalama. Masu tumatir da kankana a wurare irin Dadin Kowa suna feshi ne daidai lokacin da rawaya ke fure, kuma kankanar maƙwabcin ba ta 'ya'ya sai ƙudan zuma ya ziyarce ta, don haka ribarsa ce. Ya yi feshi bayan la'asar sakaliya, lokacin da ƙudan ya koma, ba da safe ba, ba kuma iska na kaɗowa wajenku ba. A naku ɓangaren a ajiye faranti mai faɗi da ruwa da tsakuwa a ciki don ƙudan zuma ya samu wurin tsayawa, in ba haka ba kwatar gonar da aka yi wa feshi zai je sha. A canza ruwan duk kwana biyu saboda sauro, wanda aka zubar kuma a juye shi kan ɗan yashi a gefe, malam-buɗe-littafi na sauka a jiƙaƙƙen yashi ya tsotsi gishiri.