Waiwaye: Yadda zakarun faɗa na Ingila suka koma kajin baje koli

Kafin 1835, zakaran faɗa a Ingila ba shi da alƙali sai fage. Wanda ya rage a tsaye shi ake haɗa wa kaji ya bar iri, wanda ya ba da baya sai tukunya, babu mai tambayar launin gashinsa ko tsawon ƙafarsa. Sarki Henry na Takwas ya gina fagen zakaru a fadarsa ta Whitehall. Cromwell, wanda ya mulki ƙasar bayan an kifar da sarauta, ya hana faɗan zakaru a 1654, abin ya dawo da dawowar sarauta, ana ɗaura wa zakara ƙaimin ƙarfe ko na azurfa, manya da talakawa na zuba kuɗin caca. Dokar hana zaluntar dabbobi ta 1835 ce ta haramta shi a Ingila da Wales, ta 1849 ta ƙara ɗaure zaren, Scotland ta biyo baya a 1895.

An rufe fage, amma kajin suna nan, masu su ma suna nan. Sai ga wata ƙofa ta buɗe: a 1845 aka yi baje kolin kaji a gidan namun daji na Landan, a 1865 aka buga littafin farko da ya zayyana siffar da ake so ga kowane iri. Daga nan ido ya zama alƙali, shi kuwa ido abin da ya burge shi bara, ƙarinsa yake nema bana.

Alƙalai sun nuna son dogon zakara, sai masu kiwo suka shigo da jinin Malay, kazar Asiya mai tsayi da tsauraren gashi. Cikin shekara kamar arba'in sai ga wata halitta dabam, wadda aka sa wa suna Modern Game: ƙafa zalalo, wuya dogo, kai siriri, gashi a manne da jiki, wutsiya a tsuke kamar bulala. A ƙarshen ƙarni na 19 zakara ɗaya yakan kai fam 100. Har yau horar da shi ake yi ya miƙe, a ɗaga masa kwanon ruwa da na tsaba sama a cikin keji, a riƙa nuna masa ɗan guntun nama daga sama har ya saba tsayawa ƙyam da an matso. Illar wannan siffa ita ce ƙarancin gashi, ba ya jure sanyi, sai an rufa masa akurki da kyau. Manyan irin sun ja baya bayan 1900, ƙananansu masu nauyin giram 600 ko kusa da haka su ne suka cika gasa yanzu.

Tsofaffin masu kiwo ba su ji daɗin wannan ba, a ganinsu an lalata kazar kakanni. A 1885 aka kafa ƙungiya a Oxford don riƙe tsohon samfurin, mai zanen kajin nan Herbert Atkinson yana cikin jagororinta, aka kira irin Old English Game. Su ma wajajen 1930 suka rabu biyu. Na Oxford ya tsaya kusa da zakaran fage, gadon bayansa a karkace kamar digiri 45, nauyinsa kilo 2 zuwa 2 da rabi. Na Carlisle ya fi ƙirji da nauyi, bayansa kusan a shimfiɗe. A nan alƙali ba ya tsayawa ga kallo, sai ya ɗauki zakaran a hannu ya ji. Ana son tsoka mai tauri, jiki mara teɓa, faɗi a kafaɗa da tsukewa ta wajen wutsiya, gashi kuma ya koma wurinsa da an shafa shi. Dusa mai laushi da abincin kitso suna sassauta gashi su tara kitse, shi ya sa ake komawa ga tsabar alkama makonni kafin gasa. Da yawa ma ba sa wanke su, don wanka yana kwashe maiƙon gashi, sai dai a goge jiki da ƙyallen siliki, a wanke ƙafafu da burushi a shafa ɗan mai.

Hanya ta uku ita ce ta iso har kasuwanninmu. A yankin Cornwall da Devon an haɗa kajin faɗan Ingila da Asil, tsohuwar kazar faɗa ta Indiya da Pakistan wadda sunanta da kalmarmu ta asali tushensu ɗaya a Larabci. Abin da ya fito ya yi nauyi da rashin zafin nama, bai dace da fage ba, amma ƙirjinsa ya cika da tsoka. Shi ne Indian Game, Amurkawa suka karɓe shi cikin ƙa'idar gasarsu a 1893, daga baya suka kira shi Cornish. Gasa ta riƙa faɗaɗa masa ƙirji tana gajarta masa ƙafa, har wasu zakarun suka kasa hawa kaza yadda ya kamata, ƙwai ya yi ta fitowa ba ɗa. A 1948 Charles Vantress ya ci gasar kazar nama a Amurka da haɗin Cornish da irin kazar da ake kira New Hampshire, daga baya haɗin Cornish da farar kazar Plymouth Rock ya zama tushen kazar nama ta zamani. Faffaɗan ƙirjin farar kazar gidan gona da ake figewa a kasuwa gadon zakaran faɗa ne.

Akwai abin da gasa ta gada daga fage bai kuma kamata ta riƙe ba. A da ana yanke wa zakara zanko da naman da ke reto ƙarƙashin baki da na kunne, don kada abokin karawa ya sami abin kamawa. Ƙa'idar gasa ta Amurka har yanzu tana neman a yi wa Old English da Modern wannan yanka, alhali Jamus ta haramta. Masu kare shi suna cewa yana hana sanyi cin zanko, amma sauran kaji masu irin wannan zanko ana nuna su da abinsu.

Halin faɗan kuma bai fita daga jini ba, a nan sabon mai kiwo ke yin asara. 'Yan tsakin Asil da na Shamo, kazar faɗa ta Japan da gwamnatin ƙasar ta sa cikin abubuwan da doka ke karewa a 1941, sukan fara kai wa juna sara tun suna 'yan makonni, dole a raba su da an ga jini. Manyan zakaru kowa da akurkinsa, kuma waya kaɗai ba ta isa ba, don ta cikinta za su yi ta dukan juna har su fasa yatsu da fuska. Sai an kafa katako ko kwano mai tsayin santimita 60 zuwa 90 daga ƙasa, yadda ba za su ga juna ba. Matan ma suna faɗa, sai dai ba su da na biyu wajen kwanci da tsaron 'ya'ya, ko da yake ƙwan Asil sau da yawa ba ya wuce arba'in a shekara. Malay da manyan Shamo kuwa, in aka cika musu abincin kajin nama suna ƙanana, jiki yana riga ƙashi girma, ƙafa ta lanƙwashe, gyara ya gagara.

A Amurka sai a 2008 jihar Louisiana, ta ƙarshe, ta rufe fagen faɗan zakaru, dokar tarayya ta kai Puerto Rico, tsibirin da ke ƙarƙashin Amurka, a 2019. A Filifin har yau halas ne a doka, haka ma wasu garuruwan arewacin Faransa inda al'adar ba ta taɓa yankewa ba.