Mece ce alt, kuma me ya raba ta da rubutun da ke fitowa idan linzamin kwamfuta ya hau hoto?

Duk mai buga labarai ko tallan haja a shafinsa na intanet, a Katsina yake ko a Daura, yana cin karo da akwatuna biyu idan ya ɗora hoto: ɗaya an rubuta alt, ɗaya an rubuta title. Wasu sukan bar su fayau. Wasu kuma su zuba rubutu iri ɗaya a duka biyun, don sun ji an ce hakan na sa Google ya ɗaga shafi. Aikinsu daban ne, kuma darajarsu ba ta zo ɗaya ba.

Alt gajeren rubutu ne da ke tsayawa a madadin hoto. Yana ɓoye a cikin HTML na shafin, wato harshen da ake gina shafukan intanet da shi, tun fitowar HTML 2.0 a 1995 yake nan, kuma mai karatu ba ya ganinsa muddin hoton ya buɗe. Ga yadda yake a rubuce: alt="Hasumiyar Gobarau a birnin Katsina, an ɗauko ta daga gindi da rana tsaka".

Waɗanda suka fi cin moriyarsa makafi ne da masu raunin gani. Manhajojin da ke karanta musu allo, irin su TalkBack a wayar Android, VoiceOver a iPhone, da NVDA ko JAWS a kwamfuta, idan sun iso kan hoto alt suke furtawa. In babu, wata manhajar ta ce "hoto" kawai ta wuce, wata kuma ta shiga karanto sunan fayil harafi bayan harafi. Sai mai raunin sabis: wanda ke ƙauye ya buɗe shafi hoton ya ƙi saukowa, rubutun alt ne zai bayyana a gurbinsa. Injin bincike ya zo ne daga baya ya ci moriyar abin. Google na haɗa alt da fasaharsa ta gane hoto da kuma rubutun da ke kewaye, sannan ya yanke abin da hoton ya ƙunsa. A jagorar da ya fitar wa masu shafuka, alt ya kira mafi muhimmanci cikin bayanan da ake liƙa wa hoto. Dalilin a fili yake: na'ura za ta iya gane doki da mahayi da rawani, amma da wuya ta san hawan sallar Daura ne ko na Katsina sai an faɗa mata.

Title kuwa shi ne ɗan rubutun da ke ɓullowa cikin ƙaramin akwati idan kibiyar linzamin kwamfuta ta ɗan tsaya a kan hoto. Iyakar aikinsa ke nan. A waya babu linzami, yatsa kuma taɓawa yake yi, don haka galibin masu karatunmu ba za su taɓa ganinsa ba. Wanda ke zirga-zirga a shafi da maɓallai kaɗai ma yawanci ba ya samunsa, kuma manhajojin makafi ba duka ke furta shi ba. Saboda haka kada a ɓoye farashi, lambar waya ko wani bayani mai muhimmanci a cikinsa.

Ruɗanin yana da tushe. Tsofaffin Internet Explorer suna nuna alt a wannan ƙaramin akwatin idan hoto ba shi da title, har mutane suka ɗauka aikin alt ke nan. Internet Explorer 8 da ya fito a 2009 ya daina, amma fahimtar ta zauna, har yau ana koyar da ita.

Wajen rubuta alt ne ake yawan zamewa. Hanya mafi sauƙi: ka ɗauka kana waya da wani, kana kwatanta masa hoton da ke gabanka. Jimla ɗaya ta isa. Babu dokar da ta ƙayyade tsawo, sai dai masu aikin sukan tsaya a kusa da haruffa 125, don mai sauraro ba ya iya tsallake rabin jimla yadda ido ke yi. Ba a farawa da "hoton", domin manhajar ta riga ta sanar cewa hoto ne. Kuma a kira wuri da sunansa. "Fadar sarki" bai wadatar ba, fadoji suna da yawa a ƙasar Hausa. "Mahaya dawaki a ƙofar fadar Sarkin Daura ranar hawan sallah" ya fi. Haka "rijiya" ba ta ce komai ba, amma "Baƙi na leƙa Rijiyar Kusugu a Daura" ya faɗi wa, da me, da ina. Mai sayar da kaya ya ambaci abin da mai saye zai tambaya: irin yadin, launinsa, da aikin da ke wuyan rigar.

Hoto ɗaya na iya ɗaukar alt biyu, gwargwadon labarin da yake ciki. Hoton Ƙofar Ƙaura a rubutu kan tarihin ganuwar Katsina, siffar ƙofar za a bayyana. Shi ɗin dai a labarin cunkoso, motoci da Keke Napep da suka toshe hanya za a ambata.

Babban kuskure shi ne cusa kalmomin bincike: "Katsina labaran Katsina hotunan Katsina Daura Arewa Najeriya". Google na iya ɗaukar wannan a matsayin maguɗi, makaho kuma sai ya saurari jerin duka bai san abin da ke hoton ba. Kusa da shi akwai liƙa alt ɗaya a kan hotuna goma na taro ɗaya. Hoton da ado ne kawai, kamar zanen dagi da ke raba sassan shafi, ana ba shi alt fanko, wato alt="" babu komai a tsakiya, sai manhaja ta tsallake shi. Wannan ya sha bamban da cire alt ɗin gaba ɗaya. Idan hoton sanarwa ce mai rubutu a jiki, kamar takardar gayyatar ɗaurin aure, rana da lokaci da wuri su shiga alt, ko ma a sake rubuta su a jikin shafin. Idan kuma danna hoton na kai mutum wani shafi, alt ya faɗi inda za shi.

Akwai wani tarko da ya shafi masu rubutu da Hausa musamman. Kalmominmu cike suke da alamar ɗauri: 'yan, ma'aikata, jama'a. Wanda ke gyara HTML da hannu, in ya kewaye alt da alamar zance guda maimakon tagwaye, burauza za ta ɗauka rubutun ya ƙare a ɗaurin farko. Sai alt='Jama'a a kasuwa' ya koma "Jama" kawai. A yi amfani da tagwayen alama, matsalar ta kau. Haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, ba su da laifi a cikin alt. A sunan fayil ne ya fi kyau a guje su, domin a adireshi sukan rikiɗe su zama lambobi da alamar kashi cikin ɗari.

Sunan fayil ɗin ma bayani ne. Hoton da ya biyo ta WhatsApp yakan zo da suna irin IMG-20240412-WA0007.jpg. A sauya shi kafin a ɗora, da ƙananan haruffa da karan ɗori tsakanin kalmomi: rijiyar-kusugu-daura.jpg.

A Blogger, ɗaya daga cikin dandalin da ake buɗe shafi a kansu, danna hoton, buɗe saitinsa, akwatunan biyu suna nan tare. Takwaransa WordPress ya fi ruɗarwa. A ma'ajiyar hotuna akwai gurabe huɗu, na farko shi ne alt. Gurbin Title na can suna ne na ajiya, ba shi ke fitowa a ƙarƙashin linzami ba. Na linzami yana cikin sashen Advanced a saitin hoton, a cikin rubutun kansa. Caption shi ne bayanin da kowa ke gani a ƙasan hoto, kuma sunan wanda ya ɗauki hoton nan ya kamata ya zauna. A lura da wannan: gyara alt a ma'ajiya ba ya sauya hoton da aka riga aka saka a tsohon rubutu, domin an kwafe alt ɗin cikin rubutun tun ranar sakawa. Sai an buɗe rubutun an gyara a can.

Don a tabbatar ya zauna, a kwamfuta a danna hoton da maɓallin dama na linzami, a zaɓi Inspect, a nemi alt a layin da aka haskaka. Mai waya ya kunna TalkBack ya ji da kunnensa. Sakamakon bincike ba ya zuwa nan take, sai Google ya sake kewayo shafin. A Search Console, dandalin da Google ke nuna wa mai shafi yadda shafinsa ke fitowa a bincike, cikin rahoton Performance, ana sauya nau'in bincike zuwa hotuna a ga kalmomin da ke kawo mutane da kuma shafukan da suke sauka.