Alexander Hamilton, marayan da ya tsara kuɗin Amurka

Daga ina ya fito?

A tsibirin Nevis na yankin Karibiyan aka haife shi. Mahaifinsa ya yi tafiyarsa ya bar su, mahaifiyarsa kuma ta rasu a 1768 a tsibirin St. Croix. Yana yaro ya zama akawun wani kamfanin fatauci, yana rubuta lissafin kayan da jiragen ruwa ke saukewa. Manyan garin da suka ga kaifin basirarsa suka yi masa karo-karo, ya tafi karatu New York.

Me ya kai shi siyasa?

Yaƙin neman 'yanci daga Birtaniya. A 1777 George Washington, babban kwamandan sojojin Amurka, ya jawo shi jiki, ya zama mai rubuta masa wasiƙu. A nan ya ga sojoji cikin tsananin sanyi, wasu ba takalmi, albashi kuma shiru, domin majalisar tarayya ba ta da ikon karɓar haraji, sai dai ta roƙi jihohi. Wannan abu ya tsaya masa a rai. Shi ya sa da aka rubuta tsarin mulki a 1787, ya rubuta maƙaloli 51 cikin 85 na Federalist don jama'a su amince da gwamnatin tsakiya mai ƙarfi.

Me ya sa ake yawan danganta shi da bashi?

Da ya zama sakataren baitulmali na farko a 1789, ya tarar da ƙasa bashi ya yi mata katutu. Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma Hamilton ya ga ƙasar da ba ta biya ba, gobe babu mai ranta mata. Sai ya ce tarayya ta ɗauki bashin jihohi duka ta biya.

Nan fa aka yi ta kai ruwa rana. Jihar Virginia ta riga ta biya yawancin nata. Tsofaffin sojoji da yawa kuma talauci ya sa sun sayar da takardun bashinsu da araha, ribar ta faɗa hannun masu kuɗi. James Madison, ɗan majalisa daga Virginia, ya yi ƙorafi a kan haka, kuma a ganina da gaskiyarsa, an ci gumin talaka. Duk da haka tsarin ya sa an yarda da Amurka a kasuwar kuɗi. A 1790 suka daidaita da Madison da Thomas Jefferson, sakataren harkokin waje, shi ma ɗan Virginia: a karɓi shirin Hamilton, a kai babban birni bakin kogin Potomac, kusa da Virginia. Bankin ƙasa ya biyo baya a 1791.

Yaya ya mutu?

A zaɓen shugaban ƙasa na 1800 Jefferson da Aaron Burr, ɗan siyasar New York, suka yi kunnen doki, ƙuri'ar wakilan zaɓe 73 kowanne. Hamilton ya mara wa Jefferson baya duk da adawarsu, domin bai yarda da halin Burr ba. Gaba ta yi ta ruruwa tsakaninsa da Burr, har suka fito harbin juna a Weehawken da ke jihar New Jersey ranar 11 ga Yuli 1804. Harsashin Burr ya same shi a ciki, washegari ya cika. A wannan yankin ne ɗansa Philip ya samu raunin ajalinsa a irin wannan fito-na-fito, a 1801.